Tarihin Sikanar Littafi Ta Haɗin Gida: Daga Ina Ake Samo Idonta?

Yau babu "shiga nan, danna can", tarihi za mu ɗan taɓa. Amma tarihi ne da zai amfani duk wanda ya taɓa tsugunawa da waya yana ɗaukar shafukan littafi ɗaya bayan ɗaya har wuyansa ya ƙage, da wanda gidansu ke da tarin littattafan kakanni gara ta fara lasa.

Tambayar da ake yawan yi ita ce: a ina zan sayi sensa in haɗa sikanar littafi da kaina? Wasu ma cewa suke, ai ga matattun wayoyi nan jibge a wurin masu gyara, me zai hana a ciro kyamarar ɗaya a jona da kwamfuta? To, in ka bi sawun waɗanda suka yi wannan aikin ya yiwu, da wuya ka samu wanda ya sayi sensa tsirararta. Kowa kan duba abin da kamfanoni suka cika kasuwa da shi a zamaninsa har ya yi arha, ya saye shi ɗungurungum saboda idon da ke cikinsa. Abin da ya yi ta canzawa shi ne wace na'ura ce ke ɗauke da idon.

Ita sensa wani ɗan falle ne da ke bayan gilashin kyamara, a waya bai wuce girman farce ba. An jera masa ƙananan gurabe miliyoyi, kowanne yana auna hasken da ya faɗa masa ya mayar da shi lantarki. Gurbi ɗaya shi ne fiksel, miliyan ɗaya kuma megafiksel. Asalinta daga ɗakin binciken Bell Labs ne a Amurka, a shekarar 1969, inda Willard Boyle da George Smith suka zana abin da ake kira CCD. Su ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta suke nema, sai abin ya zo da wani amfani daban, ashe yana jin haske.

Kyamarar dijital ta farko ma da tsince-tsince aka haɗa ta. A 1975 wani matashin injiniya a kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya samo CCD na kamfanin Fairchild mai fiksel 100 a tsaye 100 a kwance, wato dubu goma kacal. Ya tsinto gilashi daga kayan tsohuwar kyamarar fim, ya haɗa da rikoda mai kaset da tarin batura. Nauyin abin ya kai kilo 3.6, kuma hoto ɗaya baƙi da fari sai ya ci daƙiƙa 23 kafin ya gama sauka a kaset. A farkon 1976 kuma Ray Kurzweil ya nuna wa duniya na'urarsa mai karanta wa makafi littafi da murya, wadda a cikinta akwai sikana mai amfani da CCD. Mawaƙin nan makaho Stevie Wonder na cikin waɗanda suka fara mallakarta. Ka ga tun daga tushe, sensa da karatun littafi tare suka taso.

Sikanar da muka sani a shagon kwafi da kafe, mai murfi da gilashi a shimfiɗe, jikanyar waccan ce. Idonta ba murabba'i ba ne irin na kyamara, dogon layi ne siriri da ke tafiya a ƙarƙashin gilashi yana karanta takarda layi bayan layi. Ga takardar shaida ko fasfo babu kamarta. Ga littafi mai kauri kuwa azaba ce. Ka kife shi, ka danne bayansa, ka jira, ka ɗaga, ka juya shafi, ka sake kifewa. Kafin ka gama shafi 400 ɗinkin littafin ya saki, tsakiyar kowane shafi kuma ta yi baƙi ƙirin saboda ba ta taɓa gilashi ba.

Wannan baƙin tsakiyar ya fi muni a ƙananan sikanoni marasa kauri, waɗanda ke cin wuta daga USB kawai. Su wani nau'in ido suke amfani da shi, CIS, wanda sai takarda ta manne da gilashi yake gani. Ta ɗaga da milimita biyu ko uku, rubutu ya dushe. Shi ya sa dabarar farke tsohuwar firinta ko sikana a ciro sandar idonta ba ta cika kai mutum ko'ina ba. Sandar ba ta gani daga nesa, kuma ba ta magana da kowa sai fanel ɗin da aka ƙera ta da shi.

Mutanen Japan hanyar gajarta suka bi. Wajen 2010, lokacin da iPad ya fito, sai aka shiga yayin yanke bayan littafi da injin yankan takarda, a zuba fallayen cikin sikana mai zuƙa irin ScanSnap ta kamfanin Fujitsu. Aiki na sauri kuma tsaf, amma littafin ya tafi kenan. Wa zai sa wuƙa a littafin da ya gada daga kakansa?

Manyan cibiyoyi sun riga sun gano mafita: kada ido ya taɓa takarda, a ɗauki hoton shafin daga sama. A Disambar 2004 Google ya sanar da shirinsa na kwafe littattafan manyan ɗakunan karatu, irin na jami'o'in Michigan da Stanford da Harvard da Oxford. Ita ma Internet Archive ta Brewster Kahle ta ƙera tata na'urar mai suna Scribe. Littafi na kwanciya a buɗe rabi-rabi, kamar yadda ake ɗora Alƙur'ani a kan katakonsa a masallaci, gilashi biyu masu siffar V su sauko su danne shafukan, kyamarori biyu kuma kowacce ta kalli shafi ɗaya. Ma'aikaci na taka feda da ƙafa, yana juya shafi da hannu. Tsarin ba shi da wani sirri. Kuɗin ne matsalar, don irin waɗannan na'urori a kasuwa daga dubban daloli suke farawa, masu juya shafi da kansu kuma har sama da dala dubu ɗari.

A nan Daniel Reetz ya shigo labarin. Ɗalibin digiri na gaba ne a jami'ar jihar North Dakota da ke garin Fargo a Amurka. A farkon 2009 ya duba kuɗin littattafan da ake so ya saya, ya ga ƙananan kyamarori biyu sun fi su arha. Sai ya sayi Canon PowerShot A590 guda biyu, sauran kayan kuma, katako da fitilu da ƙarafa, yawancinsu daga bola ya tsinto su, tamkar ɗan jari-bola. Abin gaba ɗaya bai wuce dala 300 ba, kuma yana cinye littafi mai shafi 400 cikin kusan minti 20. Ya wallafa yadda ya yi dalla-dalla a intanet, mataki 79, ya ci gasa da shi aka ba shi injin yanka na leza, wanda da shi ya ci gaba da ƙera sababbin samfura. Daga nan mutane daga ƙasashe da dama suka kama, kowa na gyara nasa. A shekarar nan ta 2009 ɗin ce kuma aka ba Boyle da Smith kyautar Nobel kan CCD, shekara 40 bayan sun ƙirƙiro ta, daidai lokacin da ta yi arhar da ɗalibi zai sayi biyu ya ɗaure a jikin katako.

Me ya sa Canon, alhali ga Nikon ga Sony ga Kodak a kasuwa? Ba don idonta ya fi na kowa ba ne. Ƙananan kyamarorin wancan lokacin duk kusan ido iri ɗaya ne da su, CCD ɗan mitsitsi. Dalilin wata manhaja ce ta kyauta mai suna CHDK, da wasu masu sha'awa suka rubuta wa kyamarorin Canon. Ana zuba ta a memori, kyamara ta tashi da ita, in ka cire memorin ta koma yadda take. Da ita za ka kulle zum da fokas da yawan haske su tsaya wuri guda, don kada shafi na 10 ya fito da haske na 11 ya fito da duhu. Babban abin kuma, ta mayar da ramin USB ya zama makunni. Ka jona kyamarorin biyu da waya ɗaya, ka haɗa da batir mai bada kusan bolt 5 da ɗan maɓalli, kana dannawa duka biyun su ɗauka a tare. Babu taɓa kyamara, babu girgiza, babu gocewar saiti.

Wannan wurin ya kamata mai neman sensa ya tsaya ya duba da kyau. Ido shi kaɗai ba ya aiki. Yana buƙatar gilashin da ya dace da shi, da injin da zai matsar da gilashin, da ƙwaƙwalwar da za ta karɓi ɗanyen bayanin ta mayar da shi hoto, da wurin ajiya, da hanyar da za ka ba shi umarni. Reetz da ya sayi kyamara, duk waɗannan ya saya a dunƙule, a farashin da ba zai taɓa samu ba in da ɗai-ɗai zai tara su. Kamfani ya ƙera miliyoyi don masu ɗaukar hoton biki, shi kuma ya ci arziƙin yawan.

Ba wai babu wahala ba. Shafukan dama na memori ɗaya, na hagu na ɗaya, sai an zo kwamfuta an saƙa su bi da bi, kuma in kyamara ɗaya ta tsallake ɗauka sau ɗaya tak, lissafin duk ya rikice. Batura na ƙarewa ana tsakiyar aiki, dole aka koma sa batirin bogi mai jone da wutar gida. Sai kuma gyaran hotunan, wanda wata manhaja ta kyauta, Scan Tailor ta Joseph Artsimovich, ta ɗauke wa mutane: ta miƙe shafin da ya karkace, ta yanke gefe, ta wanke shi ya koma fari da baƙi tas.

Bari mu yi ɗan lissafi, don shi ne zai hana a cuce ka a kasuwa. Ma'aunin da aka saba bi wajen kwafe rubutu shi ne ɗigo 300 a kowane inci. Takardar A4 faɗinta inci 8.27, tsawonta 11.69. In ka ninka kowanne da 300 za ka samu wajen 2480 da 3508, wato kusan megafiksel 8.7. Littafi madaidaici mai inci 6 da 9 kuwa 1800 da 2700 ne, bai kai megafiksel 5 ba. A590 megafiksel 8 gare ta, shi ya sa ta wadatar ga yawancin littattafai. Amma shafi ba ya cika hoton baki da baki, dole a bar sarari a gefe, don haka ka ƙara kamar kashi ɗaya cikin uku a kan lissafin. Mu masu rubutun Hausa wannan ya fi shafarmu. Bambancin ƙ da k, ko ɗ da d, ɗan lanƙwasa ne a saman harafi. In hoton ya gaza, ƙugiyar ce ke fara ɓacewa, sai "ƙafa" ta koma "kafa", "ɗaki" ya koma "daki". Haka wasulla da ɗigogin ajami.

Daɗin bai daɗe ba. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarorin dijital kusan miliyan 121, mafi yawa a tarihi. Zuwa 2020 abin bai kai miliyan 9 ba. Wayar da ke hannunka ce ta kashe kasuwar. Masu haɗa sikana suka shiga tsaka mai wuya: kowace shekara Canon ta daina ƙera samfurin da aka saba da shi, sabon da ya fito kuma sai an jira masu CHDK sun zauna sun daidaita masa manhajar, wani ma ba a taɓa yi masa ba. Aka koma farautar na hannu, ana neman biyu iri ɗaya sak, don in suka bambanta shafin dama da na hagu ba za su yi kama ba. Daga cikin na ƙarshe-ƙarshe da aka dogara da su akwai PowerShot ELPH 160, wadda a wasu ƙasashe ake kira IXUS 160, mai megafiksel 20, ta 2015. A shekarar ce Reetz ya saki zanen na'urarsa ta ƙarshe, Archivist, kyauta ga kowa, ya koma wasu ayyukan. A Afrilun 2016 kuma girgizar ƙasa ta afka wa yankin Kumamoto a Japan, ta tsayar da masana'antar sensa ta Sony da ke can, kyamarori suka yi ƙaranci na tsawon watanni. Nan mutane suka gane cewa sunayen kyamara da yawa ne, amma masu ƙera idon 'yan kaɗan ne.

Wani abin dariya, tsofaffin ƙananan kyamarorin nan da aka yi ta zubarwa, a 'yan shekarun nan matasa sun mayar da su abin yayi a TikTok saboda kalar hotonsu irin ta da, farashinsu ya sake tashi. In kana da ɗaya a durowa kada ka raina ta.

Akwai wanda ya bi ta hanyar farke na'ura ya yi nasara, adalci ne a ambace shi. A 2012 wani injiniyan Google, Dany Qumsiyeh, ya fito da wata sikana da littafi ke kifuwa a kan ƙarfe mai kusurwa yana zirga-zirga, injin shara mai zuƙar iska yana juya shafi, layukan ido biyu suna karantawa daga ƙasa. Kuɗin kayan wajen dala 1,500. Amma ko shi sikanar Canon ya saya sukutum ya kwance, ya yi amfani da idanunta tare da fanel ɗinsu. Kuma na'urar kan yage shafi wani lokaci, ba irin wadda za ka ba tsohon littafi ba ce.

Mafi kusa da "sayen sensa" na gaskiya ya zo ne ta hanyar Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar nan mai girman katin banki da aka fara sayarwa a Ingila a 2012 kan dala 35. A 2013 suka fitar mata da kyamara ta dala 25. Idon cikinta, OV5647 na kamfanin OmniVision mai megafiksel 5, irin na wayoyin wancan zamanin ne. Nau'insa CMOS ne, fasahar da Eric Fossum da abokan aikinsa suka inganta a hukumar NASA a farkon shekarun 1990, wadda ba ta cin wuta kamar CCD, kuma ita ce a kowace waya yau. Megafiksel 5 ya yi kaɗan ga babban shafi, gilashin kuma an saita shi ne ya hangi nesa an liƙe da gam, sai mutum ya kankare gam ɗin a hankali ya murɗa shi kafin ya ga rubutu a kusa.

Daga nan tarihin ya maimaita kansa. OmniVision ya daina ƙera wancan idon, dole a 2016 aka koma Sony IMX219 mai megafiksel 8. A 2020 aka kawo mai IMX477, megafiksel 12.3, dala 50, wadda kai za ka sayo mata gilashin da kake so ka ɗaura, irin na kyamarar tsaro. A ganina ita ce ta fi dacewa da aikin littafi a cikinsu, don gurabenta manya ne kuma fokas ɗinta da hannu ake saitawa a ɗaure da noti, ba ya motsi. A Janairun 2023 aka fitar da ta uku mai IMX708 da fokas mai saita kansa, sai dai hotonta dogo ne irin na talabijin, shafin littafi ba ya cika shi, fiksel da yawa a banza suke tafiya. Wata matsalar kuma, Raspberry Pi na yau da kullum ramin kyamara ɗaya gare shi, sai a Pi 5 na ƙarshen 2023 aka sa biyu. Tsakanin 2021 da 2022 ma, lokacin ƙarancin kayan lantarki a duniya, ita kanta kwamfutar ta yi wuyar samu, 'yan kasuwa suka ninka kuɗinta.

Yanzu mu dawo kan matacciyar waya. Je ka Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja, za ka samu kyamarorin waya da aka ciro a cikin leda, da arha. Idon cikinsu na iya zama na Sony ko Samsung ko OmniVision ko GalaxyCore, kuma wasunsu sun fi na Raspberry Pi kyau nesa ba kusa ba. To me ya hana? Ɗan fileks ɗin da ke jikin kyamarar ba USB ba ne. Wata hanya ce ta daban da ake kira MIPI, mai gudun gaske, kuma bakin jonin kowace waya da yadda aka jera ƙafafunsa, ko a kamfani ɗaya ba lallai su zo daidai ba. Idon na son wuta kala biyu ko uku mabambanta a lokaci guda. Kafin ya buɗe sai an aika masa dogon jerin lambobin saiti, waɗanda ke cikin takardun da masu ƙerawa ba sa bai wa kowa sai kamfanin da ya sa hannu kan riƙe sirri. In ma ka tsallake duk wannan, abin da zai fito ɗanyen bayani ne mai kore-kore, ƙwaƙwalwar wayar ce ke dafa shi ya zama hoto. Kyamarorin Raspberry Pi na aiki ne saboda wani ya riga ya zauna ya rubuta wa waɗannan idanun direba, ɗaya bayan ɗaya.

Kyamarar saman allon laftof ita kam yawanci USB ce, wayoyi huɗu ko biyar za ka gano ka jona ta tashi. Sai dai mafi yawansu ba su kai megafiksel 1 ba. Ta ishe ka ganin fuska, ba ta isa karanta rubutu ba.

Don haka abin da ya gaji Canon A590 a yau ita ce tsohuwar waya mai rai, cikakkiyarta. Wadda gilashinta ya tsage, ko ramin layinta ya lalace, ko batirinta ba ya riƙe caji, duk ba komai tunda a jone za ta zauna. Ido da gilashi da ƙwaƙwalwa da ma'ajiya duk suna ciki, kamar dai yadda Reetz ya samu a kyamararsa. Aikin da CHDK ta yi a da, manhaja irin Open Camera na yin sa a Android: ka kulle fokas da haske da launi. Makunnin da suka sha wahalar haɗawa da batir kuwa, maɓallin ƙara sauti na iyafis mai waya ko ɗan rimot ɗin sandar selfi ya wadatar. Masu son a miƙe musu lanƙwasar shafi ba tare da gilashin dannewa ba suna amfani da irin su vFlat, ko da yake har yau gilashi ya fi manhaja gaskiya.

Sai dai ka yi hattara da lambar da aka rubuta a bayan waya. Yawancin masu cewa megafiksel 48 ko 50, guraben idonsu ƙanana ne ƙwarai, ana haɗa huɗu su zama ɗaya, hoton da ke fita na 12 ne ko 12 da rabi. Wannan ya isa A4 in shafin ya cika hoton, amma kada ka yi lissafi da 50. Ƙananan kyamarorin da ake jerawa a gefe masu megafiksel 2 kuma ado ne, babbar kaɗai za ka yi aiki da ita. Kafin ka biya kuɗi, ɗauki hoton shafin jarida a shagon, ka buɗe kusurwoyi huɗun ka gani. Wayar da ta sha faɗuwa sau da yawa tsakiyar hotonta garau, gefe ɗaya kuma a dushe saboda gilashin ya goce. Kada ka yi zum da yatsa, yanke hoton kawai yake yi. Kuma kada ka kusanto da wayar sosai, layukan gefe za su lanƙwashe kamar baka.

Wata magana a gefe, tunda mun san halinmu. Ita na'ura ba ta san littafin wa take ɗauka ba. Google kansa shekara goma ya yi a kotu da ƙungiyar marubutan Amurka, daga 2005 har 2015, kafin ya tsira, kuma shi gutsure yake nuna wa mutane, ba littafi duka ba. Marubutanmu na Hausa da ransu da lafiyarsu suna kuka da masu mayar da littattafansu PDF suna rabawa a WhatsApp. Kwafe naka don ajiya daban, raba gumin wani daban.

Inda wannan aikin ya fi zama dole shi ne tsofaffin rubuce-rubucen hannu. A Janairun 2013 'yan bindiga sun ƙone dubban takardu a cibiyar Ahmed Baba da ke Timbuktu. Mafi yawan na garin sun tsira ne saboda Abdel Kader Haidara da mutanensa sun yi ta fitar da su a ɓoye cikin akwatuna zuwa Bamako, inda aka shafe shekaru ana ɗaukar hotonsu falle-falle. Da kyamara aka yi, a ɗaure a sama tana kallon ƙasa, da fitilu biyu a gefe. Shirin ceto tsofaffin takardu na Ɗakin Karatun Birtaniya, wanda ya fara a 2004 kuma ya yi ayyuka a Najeriya, shi ma haka yake yi. A nan muna da wani sauƙi da su Reetz ba su da shi: littattafan malamanmu na da yawanci ba a ɗinke suke ba, fallaye ne a tare cikin gafaka. Ba ka buƙatar katako mai siffar V, ba ka buƙatar kyamara biyu. Ido ɗaya, tebur, da baƙin ƙyalle a ƙasa. Amma kada ka bari manhaja ta wanke su zuwa fari da baƙi, don jan tawada da rawaya da ke jikinsu ɓangare ne na karatun. Kuma ka kiyaye jerin fallayen yadda ka same su, da yawa babu lambar shafi, kalmar da aka rubuta a ƙasan falle ce ke nuna wanda ke biye.

Haske kuma ya fi yawan megafiksel tasiri. Filasha a kashe. Fitilu biyu, dama da hagu, kowacce a karkace wajen digiri 45, don ƙyallin ya faɗa gefe kada ya dawo cikin ido. Idon CMOS layi-layi yake karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, shi ya sa ƙwan lantarki mai arha da ke kan wutar NEPA ko janareta kan bar ratsi-ratsi masu duhu a shafi, saboda yana ƙyaftawa da saurin da idon mutum ba ya kamawa. Fitilar caji ko ta sola mai aiki kai tsaye daga batir yawanci ba ta da wannan matsalar, in dai ka bar ta a cikakken haskenta ba ka rage ba. Ka gwada da farar takarda tukuna, in ta fito fes babu ratsi, sannan ka ɗauko littafin.